Muryar Inna da Masu Gadi Uku

Kwamfutar gidanmu ba sabuwa ba ce, kuma ba ta taɓa yin ƙaryar sabunta ba. Ofishin maigidana a Abuja ne suka yi gwanjon tsofaffin kaya, ya saye ta, ya rungumo ta a cinya cikin motar haya har Suleja, da cunkoson Madalla da komai. Irin ta tebur ce, akwati a ƙasa, allo a sama. Muka ba ta kusurwa a falo, na ɗinka mata mayafi da ragowar labule saboda hannun yara.

Da farko ba ruwana da ita. Sai da mahaifiyata ta rasu sannan ta zama mini wani abu. Inna ba ta iya rubutu a waya ba, saƙon murya take turo mini, kuma ba ta san gajeren saƙo ba. Sai ta danna ta ajiye wayar a gefen turmi, ta ci gaba da aikinta tana magana, kana jin kaji da ƙarar kwanuka a baya. Yawancin saƙon faɗa ne: na cika gishiri a miya, ban kira Gwaggo ba, yaran sun rame a hoto. Bayan rasuwarta wayata ta fara shiririta, sai na sa maigidan ya kwashe saƙonnin duka ya zuba a kwamfuta. Ba a daɗe ba wayar ta faɗa bahon wanki, mai gyara ya ce sai haƙuri. Daga ranar muryar Inna ba ta da wani masauki a duniya sai cikin akwatin gwanjon nan. Na ce wa maigidan ya ƙara kwafa mini a filash, ya ce za a yi. A gidanmu "za a yi" ya fi kowa daɗewa a raye.

Ranar Asabar idan zan yi guga sai in kunna ta. Inna ta yi ta yi mini faɗa, ina goge wuyan riga ina jin daɗi. Wani lokacin har in mayar mata da amsa, abin da ban isa in yi ba tana raye.

Kwamfutar ta zo da antibairos ɗinta na ofis, wato manhajar da ke gadinta daga cututtukan da ke shigowa ta filash da intanet. Wata safiya ya tashi da jan tambari a gefen allo, wai ya tsufa, sai an sabunta shi. Sabuntawa kuwa a unguwarmu sai abu uku sun haɗu, wuta da data da sabis, kuma waɗannan ukun ba sa ga maciji da juna. Sabis ba ya zama ko'ina a gidan sai tagar kicin, don haka maigidan yakan ɗora wayarsa a kan gwangwanin madara a bakin tagar, ya haɗa ta da kwamfuta, ya dawo falo ya zauna yana kallon wani koren layi yana rarrafe. Idan ya rage ƙiris sai a ɗauke wuta. Ranar da wuta ta tsaya sai data ta ƙare. Ranar da duka biyun suka tsaya sai in buɗe taga don hayaƙin suya, wayar ta zame bayan buhun shinkafa. Shi kuma abin ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, kullum sai ya koma farko. Daga baya ne muka gane ko duniya za ta taru ba zai sabunta ba, don ofishinsa na Abuja yake nema, su kuwa sun daɗe da sallamarsa.

Kuskuren maigidan shi ne da ya faɗa a waje cewa kwamfutarmu ba ta da lafiya. A wajenmu ba a cewa wani abu ba shi da lafiya a zauna lafiya. Kowa yana da magani, kuma wanda ya kawo maka magani ya kawo maka ƙauna, sai ka karɓa da hannu biyu, ka sha a gabansa.

Wadda ta fara zuwa dubiya Maman 'Yan Biyu ce, maƙwabciyarmu 'yar kudu mai sayar da atamfa a kasuwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Duk Kirsimeti shinkafa da kaza suna tsallako katangar nan, duk Babbar Sallah nama yana tsallakawa. Ta shigo da filash rataye a jikin makullan shagonta, ta ce nata kyauta ne, ba ya neman komai, kuma tun da ta sa shi kwamfutar shagonta ko mura ba ta yi ba. Ba yadda za ka ce wa mai aiko maka da kaza ba ka so. Ta sa, muka yi godiya har bakin ƙofa. Na ce wa maigidan to a cire na ofis, ya ce ai ba a korar tsohon maigadi don an samu sabo, a bar su su taimaki juna.

Sai kuma Baba. Mahaifina malamin asibiti ne, ya yi aikinsa a Lambata har ya yi ritaya, kuma can ya zauna tare da ƙanwarsa, Gwaggo, wadda ta koma gidan bayan rasuwar Inna. Dab da ritayarsa aka tura su kwas ɗin kwamfuta, ya dawo da takardar shaida ya rataye ta sama da ta aikin asibiti. Gwaggo ce ta kai masa labarin kwamfutarmu, ita kuma daga bakina ta ji, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. Ranar wata Lahadi sai ga shi da wani kwali a leda, sabon antibairos na saye, da faifansa da komai.

Sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa kwamfutar. Ya zauna ya sa tabarau, ya fara ɗaukar tarihin mara lafiya: yaushe abin ya fara, tana yin zafi, da safe ya fi tsanani ko da yamma. Maigidan yana tsaye a bakin ƙofa, kai a ƙasa, hannu a baya, kowace tambaya amsarsa ɗaya ce, "Haka ne, Baba," har da ta safe ko yamma. Wannan mutum ne da ke ɗaga murya a taron ofis, amma a gaban surukinsa ko ruwa ba ya iya sha. Baba ya sa faifan, ya bi kowane shafi a hankali, duk inda aka ba shi zaɓi ya zaɓi mafi tsanani. Ya toshe ramin filash gaba ɗaya, ya ce filash ɗin da ya shiga kwamfutar wani daidai yake da allurar da aka yi wa wani. Sannan ya kulle komai da kalmar sirri don kada jikokinsa su yi wasa da magani. Ya yi addu'a, muka shafa, ya kama hanyar tasha yana tafiyar wanda ya ceci rai.

Daga ranar muka koma gida mai masu gadi uku, kowanne ya ɗauki sauran ɓarayi ne. Idan na kunna kwamfutar sai in ɗora tukunya, shinkafa ta nuna, ita ba ta gama farkawa ba. Da ta farka sai ƙorafi ya fara. Na Maman 'Yan Biyu ya ce ya kama wani abin zargi, a duba a ga na Baba ne. Na Baba ya ce an yi yunƙurin kai masa hari. Na ofis yana gefe da jan tambarinsa yana kiran Abuja. Duka ukun kuma suna son sabuntawa, duka a lokaci ɗaya, duka daga wayar da ke kan gwangwanin madara, kuma kowanne yana tare wa ɗan'uwansa hanya. Datar wata ta riƙa ƙarewa kafin a yi miyar sati biyu, ba wanda ya sabunta ko ɗaya.

Duk wannan dariya nake yi, har Asabar ɗin da na kunna Inna na ji tana in'ina. Sai ta fara magana ta tsaya, ta maimaita rabin kalma, ta yi shiru, fankar akwatin tana kuka. Na ajiye dutsen guga. Tana tsaka da cewa na cika gishiri allon ya yi baƙi, kwamfutar ta kashe kanta. Da na sake kunnawa sai na ji wani ƙas-ƙas a cikin akwatin wanda ban taɓa ji ba. Maigidan ya tambayi masu kula da kwamfutocin ofishinsu, suka ce wannan ƙarar ta ma'ajiyar ciki ce, ta gaji, duk abin da muke so mu kwashe shi tun da wuri. Ranar ce "za a yi" ya tashi a guje ya sayo filash. Muka soka, na Baba ya ce an hana. Muka ce to a tura ta intanet, tana buɗe shafin sai ta sandare. Muka ce a cire sauran biyun ko ta samu ta numfasa, na Baba ya ce ba mai fita ba mai shiga sai da kalmar sirri.

Tsoro ya kama ni sosai. Na riga na binne Inna sau ɗaya, ban ga yadda zan iya jure na biyu ba.

Abin haushin shi ne ba wani ilimi mai zurfi ake nema ba. A bayan kwalin da Baba ya kawo ma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa a cire duk wani antibairos kafin a sa wannan. Magani mun san shi. Wanda zai buɗe baki ya ce wa Baba kyautarsa ce ke shaƙe kwamfutar, shi ne babu.

Na fara da mai sauƙi. Na ɗauki kwanon dambu na shiga wajen Maman 'Yan Biyu, na yi ta kewaye-kewaye, na yabi nata, na yabi kirkinta, sannan na ce ko da hali wata rana mu ɗan hutar da shi. Ta kalle ni tana ninke atamfa.

"Abeg, cire shi mana," in ji ta. "Ni na cire nawa tun tuni, talla ya ishe ni. Shi ne kika kawo dambu?"

Ta cinye dambun, ni kuma na dawo ina mamakin yadda wasu mutane suke rayuwa cikin sauƙi haka.

Na Baba kuwa sai da muka yi faɗa ni da maigidan. Na ce shi ne namiji, shi ya sayo kwamfutar, shi ya tsaya yana haka ne Baba. Ya ce ni ce 'yarsa. Amma ni 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, "yarinyar nan" nake har na haifi nawa yaran, kuma maganarmu ba ta wuce gaisuwa, ina durƙushe yana kallon bango. Ban da haka bai san da saƙonnin ba. Tun bayan sadakar arba'in bai ƙara ambaton Inna a gabana ba, ni ma ban ambata ba. Maigidan ya ce gara a aike shi ya kwance janaretan barikin soja da rana tsaka da ya tunkari Baba da wannan magana. Na ce masa abubuwan da ba zan rubuta a nan ba.

A ƙarshe muka yi abin da aka saba, muka nemi ɗan aike. Na kira Gwaggo na faɗa mata dalla-dalla: maganin ya yi ƙarfi, ya kulle komai, ba abin da ke shiga ba abin da ke fita, muna roƙon Baba ya ba mu kalmar sirri mu cire. Gwaggo ta ce ta ji, amma ba a yi wa yayanta magana gatsau haka, za ta gyara ta. Ta kuwa gyara. Ta aske duk wani abu mai kaifi, ta shafa wa sauran mai. Abin da ya isa kunnen Baba shi ne yara suna godiya, magani ya yi ƙarfi ƙwarai, ba abin da ke shiga ba abin da ke fita. Washegari ta kira ni da murna ta ce Baba ya ji daɗi, kuma yana nan tafe ranar Asabar da wani ƙarin faifai, zai yi mata allura ta biyu.

Asabar da safe maigidan ya tuna cewa wani abokinsa a Gauraka yana nemansa ruwa a jallo. Na ɗauke takalmansa duka na zuba a buhun gawayi. Na leƙa ta katanga na roƙi Maman 'Yan Biyu ta jawo mana wayar janaretanta, don ban yarda masu wuta su sa mini hannu a wannan rana ba. Na kunna kwamfutar tun da hantsi don ta gama farkawa da ƙorafinta, na buɗe wajen saƙonnin na bar shi a ƙasa.

Baba ya iso bayan azahar. Ya wanke hannu, ya zauna, ya sa tabarau, ya fito da sabon faifan yana goge shi da gefen babbar riga. Maigidan yana bakin ƙofa cikin silifas ɗin banɗaki. Na kawo fura na ajiye, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon allo. A ƙa'ida nan zan tashi in fita. Sai na miƙa hannu ta gefen gwiwarsa na danna. Ba zan ce ban zaɓi saƙon ba.

Kaji suka fara, sai kwano, sai sallamar Inna. Ta ce, "Ki kira ba… ba… ba…" ta tsaya. Fankar ta ɗauki kuka. Ta sake cewa "ba," ta yi shiru.

Hannun Baba ya tsaya da faifan a sama. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba ta taɓa in'ina ba."

"Magani ne ya yi mata yawa, Baba," na ce. "Uku ne a ciki, naka ya kulle ƙofa. Akwatin yana mutuwa, kuma ba ta ko'ina sai a nan."

A iya sanina wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa ido da ido.

Ya juyo a hankali. "Uku? Wa ya haɗa wa mara lafiya magani uku?"

"Haka ne, Baba," in ji maigidan daga bakin ƙofa.

Baba ya kalle shi ta saman tabarau, ya girgiza kai. Ya ce shi ne bai tambayi abin da ta sha kafin ta zo hannunsa ba, abin da ya ƙare aikinsa yana yi wa ƙananan ma'aikata faɗa a kai. Ya mayar da faifan cikin leda. Ya ce mu juya baya, muka juya, na ji yana danna haruffa da yatsa ɗaya, ni kuwa ina bin ƙas-ƙas ɗin akwatin ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai ya ce, "Malam, kawo filash ɗin."

Maigidan ya zo ya tsuguna a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, don wayar linzamin kwamfutar gajeriya ce, ba wajen gudu. Wani koren layi ya fito ya fara rarrafe. Na sha kallon irinsa a gidan nan, amma wannan ne na farko da na gani ya kai ƙarshe.

Sai da aka kwashe Inna tsaf sannan aka sallami masu gadin ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce a fara da nasa. Da suka fita sai ga wani ya ɗago kai, ashe kwamfutar tana da nata na gado wanda ke zuwa da ita, yana kwance tun tuni saboda baƙi sun cika gida. Baba ya yi masa tambayoyi ta bakin maigidan: yana sabunta kansa, yana cin data da yawa, yana damun mutane da talla, yana barin filash ya shiga bayan ya bincike shi. Da ya gamsu ya ce a bar shi shi kaɗai, magani ɗaya a kan lokaci. Ya ƙara da cewa duk wanda ya sake kawo wani a karɓa a yi godiya a ajiye a kan firij. Maigidan ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan, wanda shi ne karo na farko da aka ji yana da ra'ayi a gaban Baba.

Na ɗauka an gama, na tashi zan kwashe kwanon fura. Baba ya ce, "Yarinyar nan, mayar da ita farko."

Na mayar. Wannan karon muryar ta fito tas, da kajinta da kwanukanta.

"Ki kira babanku," in ji Inna. "Ya ƙi shan maganin hawan jininsa, shi da ke ba duk Lambata magani. Ni na yi magana har na gaji, ya mayar da ni rediyo. Ke yana jin kunyarki, wataƙila in kin faɗa ya sha. Kuma na ga hoton yaran, ba kya ba su abinci ne?"

Maigidan ya duƙar da kai yana nazarin silifas ɗinsa. Ni na kasa tsayar da hawayena, kuma ban yi ƙoƙari ba. Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, duk da ba abin da ya same shi. Ya tambaya ko akwai wasu, na ce suna da yawa, amma yawanci faɗa ne. Ya ce ai ya sani. Ya laluba aljihu ya fito da wayarsa ya miƙa wa maigidan, ya ce a sa masa duka, a sa wannan a sama inda zai same shi ba wahala.

Akwatin gwanjon bai kai damina ta gaba ba, wata rana aka kunna shi ya ƙi tashi. Ban yi masa kuka ba. Inna tana filash, tana sabuwar wayata, tana wayar maigidan, tana ma kwamfutar shagon Maman 'Yan Biyu, wadda ta ce ba ta jin rabin abin da ake faɗa amma ta san muryar uwa mai faɗa a kowane yare.

Ban taɓa kiran Baba na ce ya sha magani ba, har yanzu ba zan iya ba. Amma Gwaggo ta ce mini kullum da safe idan ta kai masa shayi ta fito, takan ji kaji da kwanuka daga ɗakinsa, sai muryar Inna tana cewa ya mayar da ita rediyo. Ta ce yakan bari ta kai ƙarshe, har wajen abincin yara, ba ya katse ta. Sannan ta ji ya ɓalle ƙwayar daga takardarta, ya ce, "To, na ji. Ga shi ina sha."